Bencin Baya

A majami'armu ta Kafanchan akwai wani benci can baya, dab da ƙofa, inda ake jingine tsintsiya. Ba shi da majingina. Duk wanda dattawan ikilisiya suka sa a horo, nan yake zama har wa'adinsa ya cika, ko wanda aka kama da maye, ko wanda ya je wurin boka, ko wadda ta yi ciki ba aure. Ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya ta da waƙa, in an tashi sujada shi ne farkon fita. Mu yara in muna shara ranar Asabar, ko da wasa ba ma zama a kansa.

Ni na taɓa sa mutum a bencin nan. Shekarata goma sha biyar, kuma da bakina na yi, ba wanda ya aike ni.

'Yan shekaru ne bayan yaƙin basasa, lokacin jirgi mai cin kwal bai gama ƙarewa ba. Baba yana aiki a loko, inda ake gyaran kan jirgi, kuma dattijo ne a ikilisiya. Mama ce shugabar zumuntar mata. To ku duba, 'yar dattijo kuma 'yar shugabar zumunta, ai kaina ya kumbura tun ban san ɗaurin ɗankwali ba. Ga baki. Bakin nan har yau bai mutu ba, jikokina shaida ne. Muna zaune a barikin reluwe, ɗakuna a jere, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci, in ya yi tari sai ka ce masa sannu daga kan gadonka.

Ɗaki na uku daga namu akwai wani mai aikin birki a jirgin kaya, mutumin Nok. Wata shekara ya je gida jana'izar wansa, ya dawo da 'yar marigayin, wai zai riƙe ta ya sa ta makaranta. Har a majami'a aka yaba masa. Makaranta kam ko ƙofarta yarinyar ba ta gani ba. Ita ce ɗebo ruwa a famfo, ita ce tsintar kwal a gefen layin dogo, ita ce tsaga citta da yake kawowa buhu-buhu daga ƙauye, har yatsunta suka yi ja suna zafi. Matarsa ba muguwa ba ce, ita ma a tsorace take, in ya yi gyaran murya sai kwano ya faɗi daga hannunta. Duk bariki 'yar Nok muke kiran yarinyar. Sa'ata ce, siririya, ba ta kallon mutum a ido.

Wanki ya haɗa mu. Duk Asabar mukan tafi rafi da kaya a kai, in mun gama mu yi wanka. Ita da rigarta take shiga ruwa. Na yi ta tsokanarta, ina cewa, “Ke ƙawa, me kike ɓoyewa ne, zinariya?” Ran nan da rashin hankalina na kama rigar ta baya na ɗaga.

Wayyo Allah. Bayanta duk layi-layi ne, wasu sun warke sun yi baƙi, wasu ɗanyu. Ta ce robar birki ce, wadda ƙanen babanta yake kawowa daga wurin aiki ya rataye bayan ƙofa. In citta ba ta bushe ba, duka. In ruwa ya ƙare a randa, duka. Wani lokaci ba dalili ma, gajiya kawai ya kwaso daga hanya. Na ce zan gaya wa Mama. Ta riƙe hannuna gam, ta ce, “Don Allah, ƙawa, kar ki faɗa. In ya ji, zai hana ni ajin baftisma.”

Ajin nan shi kaɗai yake barinta ta je, shi ma don kada a ce ba ya riƙon marainiya da tsoron Allah. Ita kuwa duk ranta yana kansa. Ta ce mini, “In an yi mini baftisma, za a rubuta sunana a littafin ikilisiya. Na zama ina da mutane ke nan. Ko na mutu, akwai masu binne ni.” Yarinya 'yar shekara goma sha biyar ke wannan magana. Na yi mata alkawari, na kuma riƙe shi. Na tambaye ta wa ke sa mata magani, ta ce akwai wata kaka 'yar ƙasarsu da ke shafa mata man kaɗanya. Ban tambayi wace kaka ba.

A aji ne shaiɗan ya shiga tsakaninmu, ko in ce ya shiga ni. Yarinyar nan da ta tsaya a aji huɗu a ƙauye, in malamin aji ya karanta aya sau ɗaya, ta ɗauke ta ke nan. Tana tsaga citta tana haddacewa. Ni da nake sakandare, da Littafi Mai Tsarki nawa na kaina mai jan baki, sai in tashi in yi ta in'ina. Wata Laraba malamin ya ce a gaban kowa, “'Yar dattijo, ki ji kunya. Je ki zauna kusa da 'yar Nok ta koya miki.” Aka kwashe da dariya. Sannan ya ce ita za ta karanta Zabura da ka ranar baftisma, a gaban dukan ikilisiya. Ni kuwa tun farkon shekara na riga na gaya wa duk bariki ni zan karanta.

Al'adarmu ita ce, kafin baftisma akan karanta sunayen masu shiga ruwa Lahadi uku a jere. Bayan kowane karatu fasto yakan ce duk wanda ya san wani abu game da ɗayansu, ya faɗa yanzu ko ya sami dattawa a asirce, ba za a bayyana sunansa ba. Aka karanta Lahadi ta farko, sunana da nata suna ciki.

Ranar Juma'a Mama ta aike ni kasuwa sayen daddawa. Ina dawowa na hangi 'yar Nok ta tsallaka layin dogo, ta waiga hagu ta waiga dama, ta faɗa gidan burkutu. Kowa ya san gidan nan. Na wata tsohuwa ce daga ƙasar Jaba, inda Nok take, gwauruwa, mai shan lofe, wadda ba ta taɓa taka majami'a ba. Matan zumunta in za su wuce ƙofarta sukan toshe hanci. A ikilisiyarmu kuwa ba sai ka sha ba, a gan ka a ƙofar ma ya isa. Na laɓe bayan wani tarago na jira. Can ta fito tana share baki da bakin zane, wuyanta yana ƙyallin mai.

Bari in faɗi gaskiya, tunda ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ina ganin ƙyallin man nan na gane wace ce kakar. Nan take na gane, ban yi shakka ko kaɗan ba.

Da la'asar Baba yana zaune a ƙofa yana wanke baƙin mai daga hannunsa, na durƙusa na gaya masa. Ya tsaya da sabulu a hannu, ya ce, “Da idonki kika gani?”

Na ce, “Da idona, Baba.”

Ya ce, “Kin san abin da ya kai ta?”

Na ce, “Me ke kai mutum gidan burkutu, Baba?”

Kun ji. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, haka na yi ta gaya wa kaina shekara da shekaru. Tir da irin wannan gaskiya.

Washegari dattawa suka kira ta. Sai dai a al'ada ba a yi wa yarinya tambaya sai mai riƙonta yana wurin, don haka ƙanen baban nata yana zaune a gefenta. Baba ya ba Mama labari ina ji. An tambaye ta ko ta shiga gidan, ta ce e. Sau nawa, ta ce da yawa. Me ya kai ta, sai ta sunkuyar da kai. Sau uku fasto ya tambaya. Ta yaya za ta amsa, mai robar yana numfashi a kafaɗarta?

Lahadi ta biyu aka karanta sunaye, babu nata. Fasto ya sanar an sa ta horon shekara guda. Tana zaune kusa da ni a bencin 'yan aji. Ta tashi, ta ɗauki ɗan littafin waƙarta da bangonsa ya yage, ta bi tsakiyar majami'a har baya, kowa yana juyowa yana kallo. Ɗumin wurin da ta tashi na ji shi a cinyata. Na saci kallon ƙanen baban nata, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, sai a lokacin na gane abin da na jawo mata. Ni wawuya, na yi lissafin Zabura, ban yi lissafin roba ba.

Bayan abincin rana ya fara. An sha jin duka daga ɗakin nan, amma ba irin na ranar ba. Yana duka yana cewa ta kunyata shi a gaban ikilisiya. Da farko tana ihu, daga baya sai ƙarar robar kawai. Kun san me bariki ya yi? Aka ƙara muryar rediyo. Baba ya tafi taron dattawa. Mama ta miƙe ta zauna, ta miƙe ta zauna, tana cewa ba a shiga tsakanin mutum da 'yar riƙonsa. Ni ina tsugune bayan randa, na cusa yatsu a kunne.

Mutum ɗaya ce ta motsa, wata maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ibo, matar wani direban jirgi, cikin waɗanda suka dawo bayan yaƙi suka tarar ba su da ko cokali. Ta ɗauki taɓarya ta yi ta dukan ƙofar, ya ƙi buɗewa. Sai ta jefar da taɓaryar ta ruga ta tsallaka layin dogo ba takalmi. Ta dawo da tsohuwar nan mai burkutu, riƙe da ƙatuwar muciyar da take juya tukunya da ita. Ban san me ta faɗa da yarensu ta jikin ƙofar ba, amma ƙofa ta buɗe. Ta shiga ta fito da yarinyar goye a bayanta, ƙafafunta suna jan ƙasa. Ƙanen baban nata ya ce zai kira 'yan sanda. Ta ce ya kira, tana so su zo su ga aikinsa.

Lahadi ta uku, fasto ya gama karanta sunaye, ya ce ko akwai mai magana. Kullum shiru ke biyo bayan wannan tambaya. Sai muka ji murya daga ƙofa, “Ni ina da magana.”

Tsohuwar ce, da zanenta mai warin hayaƙi, tana riƙe da hannun 'yar Nok. Ta ja ta har gaban bagade. Hausarta irin ta tsofaffin ƙauye ce, ba ta raba mace da namiji. Ta juya yarinyar ta ba mu baya, ta sauke zanen zuwa ƙugu. Matan zumunta suka saki salati irin namu, “Yesu! Yesu!” Bayan tsofaffin layukan da na sani, ga wani sabo mai zurfi daga kafaɗar dama ya gangaro, inda ƙarfen bakin robar ya shiga.

Ta ce, “Wannan ne yake kawo shi gidana. Ba giya ba. Ni nake shafa masa mai, ni nake ba shi gwate ya ci. Ko ɗigo bai taɓa sha ba. Ku masu Allah, bango ɗaya da ku, ba ku ji ba? Ni da nake ƙetaren dogo na ji.”

Baba ya juyo ya dube ni sau ɗaya, ni kuwa na kafa ido a littafin waƙa.

Da muka koma gida ya kira ni. Na ce a raina yau asirina ya tonu. Sai ya ce, “Ba laifinki ba ne, 'yata. Kin faɗi abin da kika gani. Ni ne babba, ni ne ban bincika ba.” Mutumin nan ya ɗauki kayana ya ɗora a kansa, na tsaya ina kallo na bar shi. Har ya mutu, in aka yi zancen yarinyar nan sai ya tashi daga wurin.

Za ku ce ai shi ke nan, an mai da sunanta. Ina! Ba ku san dattawa ba. Ƙanen baban nata sun sa shi horo, amma kafin wata ya zagayo ya nemi canjin wurin aiki ya bar garin. Ita kuwa suka ce sun ji tausayinta, amma yanzu a gidan burkutu take kwana, kuma ba a yi wa mai kwana a gidan giya baftisma. Mama ta ce a kawo ta gidanmu. Yarinyar ta ƙi, ta ce ko ƙofar barikin ba ta iya gani, kuma ba za ta bar Kaka ba.

Da labari ya kai wa tsohuwar, ba ta yi dogon zance ba. Tukwanen da ta yi shekara da shekaru tana ci da su, ta kife su a tsakar gida, ta kori mashaya da muciya. Ta koma dama kunu da gwaten acha, tana kaiwa tasha lokacin da jirgin fasinja ke tsayawa. Wahala ce ta gaske ga mai shekarunta, na sha ganinta tana bin taga-taga da ƙwarya, tana ɗingishi. Dattawa suka ce to, sai a ga kamun ludayinta tukuna, horo dai ya ci gaba.

Sai ga ta ranar Lahadi ta zo ta zauna a bencin baya, kafaɗa da kafaɗa da yarinyar. Fasto ya yi murna, ya je bayan sujada ya ce, “Mama, Ubangiji ya kira ki ke nan?” Ta ce, “Ba wanda ya kira ni. Na zo ne kada ya zauna shi kaɗai.” Ba ta san waƙa ko ɗaya ba, tana gyangyaɗi lokacin wa'azi, amma ba ta fasa Lahadi ko ɗaya ba.

A cikin wannan hali aka yi mana baftisma. Ni na karanta Zabura. Ban yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba, aka yi ta yaba mini, wata ma ta ba ni ɗankwali. Ita ma 'yar Nok ta zo ta rungume ni da hannu ɗaya, don ɗayan bai gama warkewa ba, ta ce, “Kai ƙawa, kin iya!” Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Wata Lahadi ana cikin waƙar farko, Mama ta tashi daga kujerarta ta gaba, ta ɗauki littafinta, ta bi tsakiyar majami'a ta je ta zauna a ɗaya gefen yarinyar. Shugabar zumunta guda a bencin horo! Mako na gaba mata uku suka bi ta, sannan matar direban nan, wadda ba ma majami'armu take zuwa ba. Benci ya cika har aka jawo wani. Mama ce kuma ta kai ta firamare ta tsaya a kan hedimasta sai da ya karɓe ta, ƙatuwar budurwa cikin yara, suna yi mata dariya tana cinye su a jarrabawa. Duk wannan ina gaba cikin mawaƙa da farar riga. Ko sau ɗaya ban koma baya na zauna ba. Tsoro nake ji kada in zauna kusa da ita ta ji ƙarar zuciyata.

Da dattawa suka ga rabin zumuntar mata sun koma bakin ƙofa, suka sauko. Bayan damina aka karanta sunanta Lahadi uku, ba wanda ya yi tari.

A wurinmu, duk mai shiga ruwa takan zaɓi mutum ɗaya da ta amince da shi ya tsaya bakin rafi da busasshen zane, in ta fito ya lulluɓe ta. Yawanci uwa ce ko yaya. Na ɗauka Kaka za ta zaɓa, ko Mama. Ana jibi baftisma ta same ni a famfo ta ce, “Ƙawa, ke za ki riƙe mini zane.” Na ce haba, ga Kaka. Ta ce Kaka ta ce ƙafarta ba ta iya gangaren rafi, kuma ita ma ni take so.

Rafin da muke wanki ne. Mata suna kaɗa tulu suna waƙa, tsohuwar tana zaune a kan dutse can sama da lofenta a hannu, ba ta kunna ba. Fasto ya nutsar da ita ya ɗago. Ta fito tana haki tana dariya, dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, farar rigar ta manne a jikinta. Na buɗe zane na lulluɓa mata. Tafin hannuna ya sauka a kafaɗarta ta dama, na ji tudun tabon nan ta cikin jiƙaƙƙen yadi. Sauran na ƙanen babanta ne. Wannan nawa ne.

Ta riƙe hannuna a wurin, ta matso da bakinta ta ce, “Kin san me ya sa na zaɓe ki? Duk garin nan, ban da Kaka, ke kaɗai kika san asirina, kuma ba ki taɓa tona ni ba.”

Bakin nan nawa da ba ya gajiya, ranar ya mutu. Na gyara mata zanen na ce ta yi sauri kada sanyi ya kama ta.

Ta gama makaranta, ta zama malama a wajen Gwantu. Kaka a ɗakinta ta rasu, ita ta binne ta. Yaran da ta kwaso daga hannun masu duka ta riƙe a gidanta, ban san adadinsu ba, wasu yanzu suna da jikoki. Duk shekara takan aiko mini da busasshiyar citta, a ce in ji ƙawata. Sau uku na shiga mota na je da niyyar faɗa mata, sau uku na ci tuwonta na dawo. Bara aka aiko ta rasu.

An rushe tsohuwar majami'ar an gina babba, kujerun roba ne yanzu, ba a ma sa mutane a baya kamar dā. Ni dai layin ƙarshe nake zama, dab da ƙofa. Jikokina sukan ce, “Kaka, ki matso gaba mana, ba kya jin wa'azi a nan.” Nakan ce musu ƙafa ce ke damuna.